Is'haƙa Uku na Tudun Gawo

Sabo, Ibadan
12 ga Satumba

Zuwa ga taubashiyata Hafiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaishe ki da ɗawainiyar mutanen da na jibge miki a ɗaki na gudo. Yaya ƙafar Inna? Yaya matata Saude da nauyin jiki? Ni lafiyata ƙalau, in ban da ruwan Ibadan da ba ya gajiya da sauka. Tun da aka katse layin waya a wajenmu na zama kurma, ban san halin da kuke ciki ba. Wannan takarda direban tirelar da muke sauke wa albasa zai kai ta Sakkwato, Labbo direba ya ƙarasa da ita Isa. In ta iso tana wari ki toshe hanci ki karanta, 'yar gwaggo ba ta da bakin yi wa ɗan kawu ƙorafi.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. A lissafina watan Saude ya kama, kuma ba za ni samu zuwa suna ba, hanya ba ta ba da fuska ba. In mace aka samu a mayar da sunan Inna. In namiji ne, sunansa Is'haƙa. Da yake na san halin garinmu, bari in warware miki wane Is'haƙan, ya zama a rubuce. Shekarar da Malam Is'haƙa liman ya rasu, duk wadda ta haifi namiji a Tudun Gawo sunansa aka mayar, har yara bakwai. Da aka kai su firamare hedimasta ya rasa yadda zai yi da su, ya bi su duka ya rubuta Is'haƙa Tudun Gawo. Huɗu suna nan suna noma, duniya ba ta san da su ba. Uku ne suka yi suna. Akwai na rediyo, mai shirin wasanni a Sakkwato. Akwai Honarabul, tsohon kansila mai neman kujerar gaba. Sai Turmi, wanda ya kayar da maza tun daga Sabon Birni har Maraɗi, ba a taɓa raba ƙafarsa da ƙasa ba. Ni Turmi nake nufi, shi ne takwaran ɗana.

Ke ba ki nan ranar da muka bar gari, kina Isa kina koyar da yara. Ina gona bayan azahar sai ga Turmi a kan babur ɗin aro, daga kasuwar Bafarawa, duk ya yi butu-butu da taɓo. Ya ce, “Kalilu, aje aikin ga. Mutanen daji na tahe gobe da asuba, wani makiyayi abokina yag gaya min.” Mu uku kaɗai ya faɗa wa, ni da mai gari da liman. Kafin magariba gari ya tashi da shanunsa da awakinsa. Babur ɗin ya bar wa wata mai goyo, shi kuma ya goya Inna tun daga ƙofar gida har Kamarawa, bai sauke ta ba sai sau ɗaya da ta ce za ta sha ruwa. Da mutanen suka zo kaji suka tarar.

Shi ya sa da muka sauka tashar Isa na tsaya a gaban jama'a na ce abin da ke cikin Saude, in namiji ne, Is'haƙan da ya kawo mana labari shi ne takwaransa. Liman yana ta jan rigata, ban kula shi ba. Sai ga shi bayan sati biyu ina jin Honarabul a rediyo yana cewa shi ya samu bayanan sirri ya kwashe mutanensa. Mutumin da ranar yana Sakkwato a ƙarƙashin fanka.

Don haka ki kai wa Turmi goro da kanki. Rago ba sai ya kawo ba, akwai wanda na bari. Ina so sanƙira ya kira sunansa da laƙabinsa har mutanen kasuwa su ji, ina so yaron ya tashi ana kiransa Turmi.

Ki gaida Inna, ki ce wa Saude ina nan ina addu'a.

Ɗan kawunki,
Kalilu

Isa
30 ga Satumba

Ɗan kawu Kalilu,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki. Saude ta sauka ranar Talata, ashirin da ɗaya ga wata, da hantsi. Namiji ne, ƙato, da kunnuwanka masu kama da faifai, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsu. Uwa lafiya, ɗa lafiya. Tana wankan jego, Inna na zaune a kanta tana ba da umarni kamar ba ita ce mai ciwon ƙafa ba. Takardarka ta iso kwana biyu bayan haihuwa, kuma ƙwarai tana wari.

An raɗa suna shekaranjiya, Is'haƙa, kamar yadda ka ce. Sauran bayanin ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta. Honarabul ne ya zo a matsayin takwara. Ya kawo rago da buhun shinkafa da akwatin kayan jariri, da mota biyu cike da 'yan rakiya, da wani mai ɗaukar hoto da ya taka mini tabarma da takalmi. Sanƙira ya shelanta cewa an yi wa Honarabul takwara don cika alkawarin da uban yaro ya ɗauka a tasha. Matan unguwa tuni sun laƙaba wa jaririn Honarabul, har da masu durƙusa masa don tsokana.

Na san yanzu jijiyar wuyanka ta tashi. Sha ruwa tukuna. Ni na kai masa goron da hannuna, kada ka ɗora wa Saude ko Inna laifi. Wanda ka ambata a takardarka shi na fara zuwa wurinsa, ya san da maganar, kuma da yardarsa aka yi. Akwai zancen da takarda ba ta ɗauka. Ka san hannu nawa take bi da shinge nawa take wucewa kafin ta iso gare ka.

Abu guda nake roƙonka. Kada ka yi maganar nan da kowa, ko a waya ko a majalisarku ta 'yan albasa, har sai ka zo gida mun zauna. In kuma za ka sake rubutu, ka rage kiran sunayen mutane.

Inna ta ce a gaya maka ka riƙa cin abinci.

'Yar gwaggonka,
Hafiza

Sabo, Ibadan
9 ga Oktoba

Hafiza,

Sallama, da fatan Inna da mai jego da yaron suna lafiya. Ke ban tambayi lafiyarki ba, don na ga alama kina cikinta dumu-dumu.

Kin makara da labarinki. Kwana huɗu kafin takardarki ta iso wani ɗan Shinkafi da muke aiki tare ya miƙo mini wayarsa yana dariya, ya ce ashe kai surukin manya ne. Na duba, sai ga Honarabul a Fesbuk da babbar riga, riƙe da jariri kamar an ba shi riƙon kabewa. A ƙasa an rubuta cewa talakawan Tudun Gawo sun yi masa takwara saboda ya ceci rayukansu. Ranar na fara ganin fuskar ɗana, Hafiza. A hannun maƙaryaci na fara ganinta, a wayar aro, mutane na tsaye a kaina suna yi mini barka.

Me na yi miki? Na rubuta miki dalla-dalla, na jera miki su uku kamar ina koya wa ɗan aji ɗaya, don kada a ce an yi kuskure. Ke malama ce, karatu sana'arki ce, ba za ki ce ba ki gane ba. Da gangan kika yi.

Wai da yardarsa aka yi. Wace yarda? An je wa talaka da maganar mai mota biyu, me kike so ya ce? Turmi mutum ne mai kunya, ko rigarsa kika ce ya tuɓe ya ba Honarabul zai tuɓe yana murmushi. Kin je kin tsaya a gabansa kin nuna masa cewa shi bai isa ya zama takwaran ɗan Kalilu ba, don ba shi da buhun shinkafa. Mutumin da ya goya uwata a bayansa. Ita ma Innar da bakinta ta ci shinkafar?

Kuma kada ki ɗauka ban san abin da ke ƙasa ba. Shekara biyu kina neman a mayar da ke wata makaranta a Sakkwato, kin gaji da Isa. Wa ke da hanyar yin haka in ba Honarabul ba? Kin rasa abin kai masa, sai kika kai masa ɗana. Shi yana neman shaidar da zai nuna wa masu zaɓe, ke kina neman takardar canjin wuri, kuka haɗu a kan jaririn kwana bakwai. Sannan ki ce in yi shiru, kada in kira sunan kowa. Tsoron kunyarki kike ji ko tsoron kada maigidan naki ya ji haushi?

To ki saurara. Ɗana ba zai tashi ana kiransa Honarabul ba, ko da za a sake yanka wani rago. Na ba ki sati biyu. Ki tara matan unguwa da liman da sanƙira, a faɗi gaskiyar wanda aka yi wa takwara. In ba ki yi ba ni za ni yi daga nan, kin san a Ibadan waya na aiki.

Kalilu

Isa
19 ga Oktoba

Kalilu,

Lafiya lau muke, tunda ka tambayi wasu ka bar wasu. Yaron ya fara bin haske da ido. Takardarka ta iso jiya, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Da a gabana ka faɗi maganar canjin wuri da sai an raba mu. Mutanen gidanka ke kwana a kan katifata wata uku, ni ina ƙasa a kan tabarma, yau ni ce mai sayar da ɗanka. Allah ya isa ban ce ba, don uwarka uwar kowa ce a gidan nan, amma na kusa.

Wannan takarda ba ta hannun Labbo za ta bi ba. Ƙanena Abdurra'uf zai wuce Ikko, na ɗinke ta a ƙugun wandonsa, shi zai miƙa maka hannu da hannu. Don haka yau za ni faɗa maka abin da kake ta haƙilo a kai, in ka gama ka ƙone ta, yadda na jefa taka ta farko a murhu.

Bayan tafiyarka mutanen daji sun aiko wa mai gari cewa sun san an tona musu asiri, kuma sun ji wani Is'haƙa ne. Daga ina suka ji? Daga tashar Isa, inda wani mai baki ya tsaya ya yi shela liman na jan rigarsa. Kana tsammanin duk wanda ke tasha ɗan'uwanka ne? Tun ranar suke tambaya wane ne cikin bakwai ɗin. Kai kuma ka riga ka gaya musu yadda za su gane shi, ka ce shi ne zai zo suna a matsayin takwara. Duk garin Isa jiran haihuwar Saude ake yi, masu kai rahoto daji sun fi kowa ƙagara.

Ni ban san wannan ba sai da na kai wa Turmi goro a ɗakin da suka kama da tsohuwarsa. Ya karɓa ya riƙe, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Malama, zamna. Kalilu ya gama min komi da niyyar da yay yi, Allah shi saka mai. Amma duk wanda yaz zo sunan ga, shi anka nuna ma mutanen daji da yatsa.” Na ce to a canza sunan gaba ɗaya. Ya ce, “In kunka canza za su ce wani aka ɓoyo. Honarabul ya riga ya hau rediyo ya ce shi na, ku bar su da shi. Shi yana da katanga da 'yan sanda bakin ƙohwa. Ni gero gare ni cikin daji, da tsohuwa.” Ya mayar mini da goron, ya ce in kai Sakkwato. Har da dariya ya yi, ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin daɗin ƙaryar ɗan siyasa ba sai wannan karon.

Ka san inda yake yanzu? Yana Tudun Gawo. An yi sulhun kaka da mutanen daji, an bar mutane su shiga su yi girbi, su kuma suna zaune a bakin gona da bindigogi da rediyonsu. Ya gama yanke geronsa da na zawarawa biyu, yanzu naka yake yi, naka da ka bari ka tafi. Suna sonsa, suna sa shi ya nuna musu kamun kokawa. Sau biyu suna tambayarsa wane Is'haƙa ne ya yi musu haka, yana ce musu ai kun ji shi a rediyo, kun ga an yi masa takwara. Hoton da ya hana ka barci shi ke riƙe da ran Turmi.

Za ka ce me ya hana in kira ka. Tudun da ake hawa a kamo layin wayar Nijar mutum hamsin ne ke tsaye a kanka, kowa na jin abin da kake faɗa. Na rubuta maka iya abin da zan iya, na ce ka yi shiru, na ce ka rage kiran suna. Na ɗauka kana da hankalin da za ka tsaya ka yi tunani, sai ka aiko mini da wata takardar cike da sunansa.

Ni ma ba na ƙaunar ganin Honarabul ɗin. Ranar suna da ya ɗauki yaron sai da na shiga bayan ɗaki na yi kuka. Amma gara a kira ɗanka Honarabul har ya yi furfura. Ka haɗiye fushinka, ka rufe bakinka har a gama kwasar dawa Turmi ya fito ya ɗauki tsohuwarsa su haye Maraɗi. Daga nan ka yanka raguna goma in ka ga dama.

Hafiza

Sabo, Ibadan
24 ga Oktoba

Hafiza,

Ina gaida Inna da Saude da ɗana. Ina lafiya.

Sati biyu sun cika jiya. Kullum sai na je wurin da motocin Sakkwato ke tsayawa, direbobi har sun fara yi mini ba'a suna cewa budurwar ta ƙi ka. Ko layi ɗaya ba ki rubuto ba. Na gane, wanda ba shi da amsa shiru yake yi.

To na yi abin da na ce. Na samo lambar Is'haƙa na rediyo, na kira shi. Shi ma ashe abin na cinsa, ya ce sau uku ana tare shi a Sakkwato ana yi masa godiyar ceton Tudun Gawo, shi da rabonsa da garin shekara tara. Ya ce suna ɗaya ya zame musu riga ɗaya, kowa ya ga dama ya saka ya fita. Na ɗauki muryata a waya na tura masa, minti shida. Na faɗi komai, kasuwar Bafarawa, babur ɗin aro, abin da Turmi ya ce mini a gona, yadda ya goya Inna. Na faɗi sunana da na ubana don kada a ce wani ɓoyayye ne. Na ce ɗana takwaran Is'haƙa Turmi ne, wanda ke cikin hoton nan rago kawai ya kawo.

Ya tambaye ni ko babu matsala a saki irin wannan magana. Na ce masa matsalar Honarabul ce da masu cin shinkafarsa. Zai sa a shirinsa na ranar Juma'a bayan la'asar, zai haɗa da tarihin kokawar Turmi tun daga farko. An katse mana waya amma ba a katse rediyo ba, kowane ƙauye za a ji, har cikin daji.

Ki kunna wa Inna. In kin ga Turmi ki ce masa Kalilu bai manta ba. Ke kuma in kin ji kunya, ki sani da hannunki kika jawo.

Kalilu

Sabo, Ibadan
30 ga Oktoba

Hafiza,

Abdurra'uf ya iso yau da safe. An rufe hanya sun kwana biyar a Shinkafi, motarsu kuma ta lalace a Kwantagora. Na farke ɗinkin na karanta.

Na kira na rediyo nan take. Ya ce an sa jiya, kuma mutane sun yi ta kira har aka maimaita yau da safe.

Don Allah, don Annabi, a tura wani Tudun Gawo. Ko wa ke da babur a ba shi ragon da na bari. A ce masa ya bar geron, ya bar dawar, su ruɓe a gona, ya bi ta Unguwar Lalle ya haye. Na san kafin wannan ta iso an yi kwana takwas, ban san me ya sa nake rubutawa ba. Na kasa zama, na kasa tsayuwa.

Abin da na faɗa a kanki ki yafe mini. Ki rubuto ko kalma ɗaya ce.

Kalilu

Isa
8 ga Nuwamba

Kalilu,

Inna lafiya, Saude lafiya, yaron lafiya. Takardunka biyu tare suka iso jiya, ta alfahari da ta roƙo, Labbo ya miƙo mini su a ɗaure da roba ɗaya.

Na ji shirin. Ina tsakar gida ina tankaɗe, rediyon maƙwabta na kunne, sai na ji muryarka ta tsallako katanga kana faɗin sunanka da na kawu. Ban san lokacin da na fita ba mayafi ba. Na je tasha, na bi masu babur ɗaya bayan ɗaya. La'asar ta yi sanyi, ba wanda ya yarda ya kama hanyar nan. Wani ya ce sai da safe. Da safe ya tafi, ya dawo daga Kamarawa, don a can ya haɗu da masu kawo labari.

A gonarka suka same shi ranar Asabar da hantsi, yana ɗaurin dami. Waɗanda ke wurin sun ce babura huɗu ne. Sun ce shi ma ya ji shirin tun daren Juma'a a wurin masu girbi, an ce ya gudu, ya ce in ya gudu a kan sauran za a huce. Da suka iso bai jira tambaya ba, ya aje igiya ya ce, “Ni na. Makiyayin kuma ba ku jin sunanai ga bakina.” Ba za ni rubuta sauran ba. Mutanen Unguwar Lalle ne suka taimaka aka kawo shi a amalanke, an yi masa sutura a nan Isa. Mutane sun zo daga Sabon Birni, 'yan kokawa sun zo daga Maraɗi da ƙafa ta cikin daji. Sulhun kaka kuma ya watse, dawar kowa tana can tsaye.

Honarabul ya cire hoton ɗanka daga Fesbuk, ya sa nasa yana share hawaye, ya rubuta cewa marigayin ɗan'uwansa ne kuma shi ya aike shi. Na rediyo ya zo gaisuwa, ya zauna a bakin tabarma ya kasa ɗaga kai. Ya ce sai da ya tambaye ka ko babu matsala kafin ya sa.

Ka ce in yafe maka abin da ka faɗa a kaina. Wannan ƙarami ne, na yafe. Ni ma ina da nawa, da tun farko na nemi wanda zai zo maka da baki, ko in rubuta a fili in bar wa Allah hanya. Ina kwana da shi ina tashi da shi. Amma ni tsoro ne ya sa na rage magana. Kai ba wanda ya kore ka, ba wanda ya sa maka bindiga. An ce ka jira ka zo gida, ka kasa, don kada 'yan albasa su yi maka dariya. Ina fushi da kai, Kalilu, fushin da ban san ranar hucewarsa ba.

Ranar sadakar bakwai tsohuwarsa ta aiko a kai mata jaririn. Saude ta goya shi muka je. Ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta shafa kansa, ta ce, “Ashe kai anka bar min. Sannu, Turmi.” Matan da ke ɗakin duk suka ɗauka. Yau a unguwar nan ba mai ce masa Honarabul, har yaran makarantata Turmi suke cewa. Abin da ka nema ka samu, babu sauran wanda za a ɓoye.

Ita ba ta da rediyo. Ta san wani ya yi magana, ba ta san ko wane ne ba, kuma ba wanda ya iya gaya mata. Kullum na kai mata yaron sai ta sa maka albarka, ta ce Kalilu ɗan halak ne, ya riƙe alkawari. Jiya ta ce in rubuta maka ka zo, tana so ta yi maka godiya ido da ido.

Ga shi na rubuta. In ka sauka tasha kada ka fara zuwa gidana, ɗakinta za ka wuce. Ni ba za ni faɗa mata ba. Kai ne mai faɗin gaskiya da sunanka da na ubanka, ka zo ka durƙusa a gabanta ka faɗa mata muryar wa aka ji.

Hafiza